Tafintan Da Ke Cikin Kwamfuta

A tsakiyar Jami'ar Manchesta ta Ingila akwai wani dogon titi da ake kira Oxford Road, kuma a wani gini da ke daura da shi ne, ran 21 ga Yuni 1948, malamai biyu, Freddie Williams da Tom Kilburn, tare da Geoff Tootill, suka tayar da na'urar farko ta lantarki wadda take ajiye umurninta a cikin ƙwaƙwalwarta. Sun yi mata laƙabi da Baby, watau Jaririya. Ba ta da injin buga takarda, ba ta da faifan ajiya. Da hannu ake danna mata lambobi, a kuma karanta amsa a jikin wani ɗan gilashi. Saboda haka ba ta bukaci mai shiga tsakani ba.

Wahalar ta taso ne bayan shekara 14, sa'ad da jami'ar da kamfanin Ferranti suka ƙaddamar da Atlas a watan Disamba 1962. Ita Atlas tana iya aiwatar da umurni kusan miliyan ɗaya a daƙiƙa guda, alhali kuwa an kewaye ta da kayan aiki masu nawa: masu karanta tsirin takarda mai huji, da masu karanta kati, da kaset na maganaɗisu, da injunan bugu. In da za ta tsaya jiran kowannensu ya gama, to da rabin ranarta ya tafi a zaman banza. Dabarar da suka yi ita ce rubuta wata babbar manhaja mai suna Supervisor, wadda masana da yawa suke ɗauka ita ce kakar irin su Windows da Linux. Aka hana manhajar kowane mutum taɓa kayan aiki da kanta. Sai dai ta kai buƙatarta, wasu gajerun umurnai da aka tanada don kowane inji su isar, in injin ya gama ya yi sallama, Atlas ta waiwayo.

Waɗannan gajerun umurnai su ne asalin abin da masu gyaran kwamfuta a yau suke kira direba. Sunan yana ruɗarwa, domin aikinsa ya fi kama da na tafinta a fada. Babbar manhaja tana magana da harshe guda, kowane injin bugu ko na'urar sauti ko ta hoto kuma da nata harshen, direba ne yake juya wannan zuwa wancan. Amma tafinta ne wanda aka yarje wa shiga har turaka. Manhajar rubuta wasiƙa in ta yi kuskure, a zaure take, sai a kore ta a ci gaba da aiki. Direba kuwa yawanci yana zaune ne a can cikin zuciyar babbar manhaja, inda babu mai tsawata masa. In ya taɓa wurin da bai kamata ba a ƙwaƙwalwa, kwamfuta ba ta da abin yi illa ta tsaya cak, ta nuna shuɗin allon nan da ma'aikatan ofis suka sani. Masu bincike a Jami'ar Washington ta Amurka sun ruwaito a 2003 cewa kashi 85 cikin 100 na faɗuwar Windows XP daga direbobi ne.

A zamanin Atlas gyara irin wannan umurni aikin hannu ne, domin wani sashensa an saƙa shi ne a cikin ragar waya da aka cusa wa ƙananan sanduna, sai an zare an sauya musu wuri. Yanzu gyaran yana zuwa ta intanet, mai kwamfuta yana barci. Dalilin sabuntawa kuwa a fili yake. Babbar manhaja tana canzawa kowane wata, tsohon tafinta sai ya wayi gari bai san sababbin kalmomin fada ba. Har ila yau ɓarayin intanet suna farautar tsofaffin direbobi masu kafa, don wanda ya shiga ta nan ya shiga turaka ke nan. Ko tsutsar Stuxnet da aka gano a 2010 da hatimin sata na kamfanonin Realtek da JMicron ta yi amfani, direbobinta suka wuce kamar na halal.

To sai dai sabo ma yana kayar da na'ura, kuma ya fi tsoho saurin yaɗa ɓarna. Da asubahin Juma'a, 19 ga Yuli 2024, kamfanin tsaro na CrowdStrike ya aika da wani ɗan ƙaramin fayil zuwa ga abokan cinikinsa a duniya duka a lokaci guda. Direbansa da ke cikin Windows ya karanta fayil ɗin, ya laluba inda babu kome a ƙwaƙwalwa, na'urori suka faɗi. Cikin minti 78 kamfanin ya janye shi, amma aikin gama ya gama: Microsoft ta ƙiyasta kwamfuta miliyan 8.5 abin ya shafa. Jiragen sama dubbai ba su tashi ba, tashar Sky News ta ɗauke, likitocin unguwa a Ingila suka koma biro da takarda. Da yake na'urar da ta faɗi ba ta iya hawa intanet ta karɓi magani, tilas ma'aikata suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna goge fayil ɗin da hannu, kusan yadda ake yi wa Atlas. Laifi mafi girma a nan shi ne aika abu ga kowa da kowa ba tare da an fara gwada shi a kan kaɗan ba, kuma kamfanin da kansa ya yi alkawarin bin wannan hanya daga baya.

Ga wanda ya sayi kwamfutar gwanjo a Kano ko Maraɗi, lamarin ya fi haka tsauri. Kuɗin data yakan sa a kashe sabuntawa baki ɗaya, mai gyara kuma sau da yawa yakan ɗora direbobi daga wani tarin da ke cikin filashinsa wanda babu mai sanin asalinsa. Wannan ne mafi hatsari. Abin da ya fi shi ne a karɓo direba daga Windows Update ko daga kamfanin da ya ƙera na'urar, a yi shi a ranar da babu aikin gaggawa, bayan an kwafe muhimman takardu. Ofishi mai kwamfuta 20 ya fara da 2, ya dakata 'yan kwanaki. Idan sabon ya zo da fitina, Windows tana ajiye tsohon, kuma a sashen Device Manager akwai wurin da ake dannawa a mayar da shi. Amma na'urar da har yanzu take kan Windows 10, wadda Microsoft ta daina tallafa wa kamar da tun ran 14 ga Oktoba 2025, mai ita ya sa ran cewa sannu a hankali masu ƙera injin bugu da sauran kayan aiki za su daina rubuta mata sababbin direbobi.