Burgar Mai Jiran Kati

A wasan poka na Texas Hold'em, wanda da shi ake buga babbar gasar duniya a Las Vegas, ana ba kowa kati biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya: uku a tare, sai ɗaya, sai ɗaya. Lissafi ya fi daɗi bayan an buɗe ukun farko, musamman ga wanda hannunsa bai nuna ba tukuna.

A ce ɗan wasa ya haɗa kati huɗu masu alamar zuciya, yana jiran na biyar da zai cika masa hannu. Kowace alama kati 13 gare ta, saura 9 ke nan cikin 47 da bai gani ba. Damarsa a kati na gaba kusan kashi 19 ce cikin 100, in kuwa zai ga biyun da suka rage, ta kai kashi 35. Sau uku, biyu zai tashi a tutar babu.

To me zai sa ya zuba kuɗi? Domin ƙofa biyu gare shi: ko abokin karawa ya tsorata ya janye, ko ya biya kuma katin ya faɗo. Wannan ce rabin burga, wadda David Sklansky ya yi bayaninta a littafinsa The Theory of Poker.

Sai batun nawa za a zuba. In akwai dala 100 a tsakiya ya sa 50, ya isa abokin karawa ya janye sau ɗaya cikin uku don kada a yi asara, ko da katin ba zai taɓa zuwa ba. In ya sa 100, sai an janye sau ɗaya cikin biyu. Damar katin nan tana rage wannan buƙata sosai. Amma wanda yake sa kuɗi kaɗan in yana jira, da yawa in hannunsa ya cika, ya tona wa kansa asiri. Gwanaye kan daidaita adadin. Burga kuma ba ta cin mai taurin kai da ba ya janyewa, haka nan ƙarfinta na raguwa in mutum uku ko huɗu ne a wasan.

In katin ƙarshe ya faɗo ba zuciya ba, ƙofa ɗaya ta rufe. A nan akwai abin mamaki: zuciyoyin da ke hannunsa su ne ke rage yiwuwar abokin karawa ma jiran zuciya ya yi ya rasa, alhali irin wannan ne zai fi saurin janyewa.