Mai Zanen Kwamfuta, Duba Fuskar Laftof Kafin Ka Biya

Duk wanda ya saba da kasuwannin kwamfuta, daga Ikeja ta Legas har shagunan Kano da Kaduna, ya san tambayoyin da mai saye ke fara jefa wa mai shago: Core i nawa ce, RAM ɗinta nawa, batirinta yana riƙe caji? Da wuya ka ji an tambayi irin fuskar da aka ɗora wa na'urar. Ga ɗalibi mai buga takarda ko akawu mai lissafi, wannan ba laifi ba ne. Amma ga matashin da ya ɗauki zanen kwamfuta sana'a, mai zana bangon littafi da fastar fim da hoton mutane, wanda kuma yake son ɗaukar aikinsa a jaka duk inda ya nufa, wannan tsari ya zo a baibai. Fuskar laftof ita ce abin da ya kamata ya fara tantancewa, ita ce kuma ta cancanci kaso mafi tsoka na kuɗinsa, ko da hakan zai sa ya haƙura da injin da bai kai na abokinsa gudu ba.

Dalilin yana cikin yadda launi ke zama a kwamfuta. Mai zanen fenti yana ganin fentinsa da ido a kan allo, amma mai zanen kwamfuta lambobi yake ajiyewa, fuskar na'urar ce ke mayar masa da su launi ta hanyar haɗa hasken ja da kore da shuɗi a kowane ɗigo. Domin kowa ya ga abu ɗaya, kamfanonin HP da Microsoft suka fito da ma'aunin sRGB a 1996, wanda har yau shi ne ginshiƙin hotunan intanet. Matsalar ita ce ba kowace fuska ce ke iya nuna dukkan launukan wannan ma'auni ba. Yawancin laftof masu araha, har da ƙananan samfuran kwamfutocin ofis da ake shigo mana da su na hannu, suna ɗauke da fuskar da takardarta ke cewa 45% NTSC. Wannan adadi bai wuce kusan kashi biyu cikin uku na sRGB ba, alhali 72% NTSC ne yake kusan cika ma'aunin. A irin wannan fuska ja yakan koɗe ya karkata zuwa ruwan goro, kore ya dushe, shuɗin baba ya rasa zurfinsa. Mai zane, da yake idonsa na gaya masa launin bai ji ba, sai ya yi ta ƙarawa. Ranar da mai aikin ya buɗe hoton a wayarsa mai kyakkyawar fuska, sai ya tarar da kumatu sun yi jawur, tufafi suna kashe ido. Mai zanen bai rasa gwaninta ba, na'urarsa ce ta ba shi shaidar zur. Mai sayen shadda a Kantin Kwari yakan fito da ita bakin ƙofa ya duba a hasken rana don kada fitilar shago ta yaudare shi. Mai zanen kwamfuta ba shi da ƙofar da zai fita, abin da fuskar ta nuna masa shi ke nan.

Bayan yawan launi sai ƙirar fuskar kanta. Tsohuwar ƙirar TN tana da araha, amma da zarar ka ɗan sunkuya ko ka tura murfin baya, launuka sun sauya, saman hoto ya yi duhu, ƙasansa ya yi fari. Wanda ke zane a kan cinya, ko a teburin da ba nasa ba, ba zai taɓa zama a kusurwa ɗaya ba, don haka TN ba tasa ba ce. Ƙirar IPS, wadda kamfanin Hitachi na Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1996, tana riƙe launi ko ta gefe ka duba, kuma ita ce mafi ƙarancin abin da mai zane zai amince da shi. Akwai kuma zancen matakan launi. Fuska mai bit 6 tana da mataki 64 ga kowane ɗaya daga cikin launukan uku, jimilla launi 262,144, sauran kuma dabarar ƙyaftawa take yi ta cike giɓin; mai bit 8 tana da mataki 256, wato launi miliyan 16.7. Bambancin yana fitowa a inda haske ke narkewa cikin inuwa. Wannan kuwa ya shafe mu kai tsaye, domin mai zana baƙar fata ko wankan tarwaɗa kusan duk aikinsa yana can ɓangaren duhu ne, inda ɗan ja-ja da ɗan shuɗi-shuɗi ke raba goshi da kunci. Fuskar da ke dunƙule inuwa wuri ɗaya takan sa fuskokin mutanenmu su fito kamar an shafe su da toka. A nan ƙirar OLED ta yi zarra, saboda kowane ɗigo nata shi ke kunna kansa ya kashe kansa, baƙinta baƙi ne na haƙiƙa. Sai dai tana da nata cikas: tsada, ƙyalli, yiwuwar tabon hoton da ya daɗe a wuri ɗaya, da ɓoyayyiyar ƙyaftawa da ke gajiyar da idon wasu idan an rage haske.

Wani zai ce to ai sai a nemi mafi yawan launi da mafi yawan ɗigo, a huta. Ba haka abin yake ba. Ma'aunin P3, wanda ya samo asali daga masana'antar sinima, Apple kuma ya fara sa shi a kwamfutocinsa a 2015, ya fi sRGB faɗi da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, Adobe RGB na 1998 kuma ya fi amfanar masu kai aiki maɗaba'a saboda koren da yake ɗauka. Dukkansu alheri ne, amma idan manhaja ba ta san yadda za ta daidaita su ba, sai faffaɗar fuska ta zuzuta launi, mai zane ya rage, aikinsa ya fito a koɗe a wurin wasu. Yawa daban, daidaito daban. Ana auna daidaito da abin da ake kira Delta E, kuma idan matsakaicinsa ya gaza 2, ido ba ya cika ganin kuskuren. Ana gyara shi da 'yar na'urar awo irin ta Datacolor ko Calibrite, wadda masu zane uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su saya su riƙa karɓa-karɓa. Amma awo yana daidaita abin da fuska ke iya nunawa ne kawai, ba ya ƙirƙiro launin da babu. Haka zancen 4K yake. Fuskar inci 14 mai ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, tana da kusan ɗigo 157 a kowane inci, wanda ya wadatar ga zane. Ta 4K tana ninka yawan ɗigon sau huɗu, tana kuma ƙara cin batir, abin da ba ƙaramin lamari ba ne a garin da wuta ke zuwa tana tafiya. Wadda ke da ɗigo matsakaici da cikakken sRGB ta fi mai tarin ɗigo da gurguwar kala.

Tun da yawo da na'urar ake nufi, haske ma ma'auni ne. A ɗaki mai labule, masu shirya aikin ɗab'i sukan saita fuska a kusan nit 120 na haske. Amma a rumfa ko baranda, cikin ranar ƙasar Hausa, fuskar nit 220 ko 250 da ke kan yawancin masu araha takan koma madubi, musamman idan mai sheƙi ce. Nit 400 zuwa 500 shi ne ke ba da sarari, fuska marar sheƙi kuma ta fi sauƙin aiki a waje. Sai batun alƙalami. Mai son zana kai tsaye a kan gilashi zai nemi irin su Surface na Microsoft ko laftof masu naɗewa ta baya, ya gwada ko layi yana bin bakin alƙalami ba jinkiri, ko kuma yana karkarwa idan an ja shi a hankali a karkace. Matakan dannawa 4,096 sun isa. Tazarar da ke tsakanin bakin alƙalami da layin ta fi wannan adadi muhimmanci. MacBook kuwa, duk da kyawun fuskarsa, ba a zane a kansa, sai an haɗa shi da allon zane na Wacom ko Huion ko XP-Pen, ko da iPad ta hanyar tsarin Sidecar da aka fito da shi a 2019.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa ita ce ta kuɗi da ƙarfin inji: me za a yi da kyakkyawar fuska idan burushi yana tsayawa? Gaskiya ne akwai iyakar da ba a sauka ƙasa da ita. RAM na gigabait 16 da ma'ajiyar SSD su ne kwanciyar hankalin mai tara shimfiɗu da yawa a Krita ko Photoshop ko Clip Studio Paint. Amma zane irin wannan ba wasan bidiyo ba ne, ba ya bukatar katin hoto mai zafi da nauyi, wanda shi ke cinye kuɗi a laftof ɗin 'yan wasa, su kuma sau da yawa fuskarsu gudu gare ta ba launi ba. Ƙari a kan haka, a kwamfutocin ofis da yawa ana iya ƙara RAM ko sauya ma'ajiya daga baya cikin sauƙi, sauya fuska kuwa caca ce. Jinkirin inji yana cin mintocinka kana gani. Ƙaryar fuska tana lalata aikin ba ka sani ba. Masu cewa a sayi babbar fuska a ajiye a gida sun yi daidai ga mai zaman ɗaki, amma wanda ya zaɓi launukansa a kan hanya zai dawo ya sake aikin ne daga tushe. Masu cewa kuma ai wayoyin masu kallo ma sun sha bamban, sun manta cewa wannan bambancin shi ne dalilin tsayawa a tsakiya: wanda ya yi aiki a kan ma'auni kuskurensa ɗaya ne, na wayar mai kallo, wanda kuwa ya yi a kan karkatacciyar fuska kuskure biyu ya tara.

Saboda haka, mai zane, kada ka biya sai ka gwada. Sunan samfuri bai isa shaida ba, domin samfuri ɗaya kan zo da fuska iri uku ko huɗu, ta hannu kuma wataƙila an taɓa sauya mata. Tafi da filashi ɗauke da hoton fari sol, da baƙi ƙirin, da ja, da tsanin toka daga duhu zuwa haske, da wani zanenka da ka san launinsa. Duba ko farin ya yi rawaya, ko haske na tsiyaya ta gefen baƙin, ko matakan duhu sun haɗe. Karkata murfin, ka fito da ita bakin shago, ka nemi lambar fuskar ka binciki takardarta. Idan ba IPS ko OLED ba ce, ko ba ta kusa cika sRGB ba, ko haskenta bai kai nit 300 ba, bar ta ko da mai shago ya rage maka rabin kuɗi. Sunanka a wannan sana'a yana rataye ne da launin da ya isa hannun mai aiki, don haka ka sayi fuskar da za ta gaya maka gaskiya.