Ƙarangiya da anza: abincin da ba ya ciwuwa sai da sani

A ƙasar Turai akwai wani haki da Faransawa ke kira orti. Wanda ya taɓa shi da hannu sai fatarsa ta yi zuga kamar harbin rina, amma da zarar an tafasa shi ƙaiƙayin ya mutu, a yi miya da shi, a kuma sha ruwansa don magani. Ba a san wannan haki a karkarar Bangi ta gundumar Madawa ba. Sai dai mutanen wurin, da maƙwabtansu na Buza da Keita, suna da nasu tsire-tsire masu wahalar da mai tsinka kafin su ciyar da shi.

Na farko ita ce ƙarangiya, wadda manomi ke zagi kullum saboda maƙale wa tufa da sukar ƙafa. Cikin ƙayar nan kuwa akwai ƙwaya ƙarama mai gina jiki ƙwarai. Idan kaka ta yi, ta bushe, mata kan share ta da tsintsiya, su sussuka a turmi, su sheƙe, su yi gari. Aikin yini guda da ƙyar yake cika ƙaramar ƙwarya, shi ya sa ba a waiwayarta sai rumbu ya yi ƙasa.

Sha'anin anza ya fi haka nauyi. Itaciya ce mai jure fari, tana ƴaƴa ko a shekarar da hatsi ya ƙi. Ƙwayarta, wadda ake kira dilo, tana da ɗaci mai tsanani da guba. Sai an ɓare ta, an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ana sake wani, har ɗacin ya fita sarai, sannan a dafa ta kamar wake. To, a nan gizo ke saƙa: lokacin da ake neman dilo shi ne lokacin da rijiyoyi ke janyewa, yara kuma na kukan yunwa. Uwar da ta gaggauta, ta rage kwanakin jiƙo, tana iya jawo wa ɗiyanta ciwon ciki da amai. A farin 1973 zuwa 1974, da na 1984, da kuma ƙarancin cimaka na 2005, dilo ya riƙe gidaje masu yawa a jihar Tawa, waɗanda ke da tsohuwar da ta san ƙa'idarsa su ne suka fi samun sauƙi.

Ganyen anza ma ana shimfiɗa shi cikin rumbu don korar ƙwari. Tafasa da yaɗiya kuwa ba sai an yi yunwa ba: ana kwaɗa su da ƙuli-ƙuli, ana sayarwa a kasuwa, kuma an san tafasa da sassauta ciki idan ya ɗaure.

Abin dubawa shi ne yadda ake jin kunyar wannan abinci, har a ce da shi cimar matsiyata. Ƴan mata da yawa sun tashi ba su taɓa ganin an jiƙa dilo ba. Ya kamata malaman yaƙi da jahilci da ma'aikatan gona su zauna da tsofaffin matan ƙauyukan Bangi, su rubuta kwanakin jiƙo da yadda ake gane ɗaci ya fita, tun masu sanin suna raye.