Kan da Ya Yi Gadin Gonar Doya

Ƙulun-ƙulufit! Kai ne ba gangar jiki, idanunsa huje, gashinsa a gyare tsaf, ya yi shekara guda yana gadin gonar doya bai taɓa neman lada ba. Mai karatu, kada ka yi saurin ba ni gari. Zo mu bi sawu tare.

A 1943 wani akawu da ke kula da ramin haƙar kuza kusa da Jama'a, a kudancin jihar Kaduna ta yau, ya tsinci wani kan yumɓu a cikin ƙasar da leburori suka tono. Ya ɗauke shi ya kafa a gonarsa don ya tsorata masu ɓarna. Daga nan kan ya faɗa hannun manajan ramin, shi kuma ya kai shi Jos wurin wani jami'in mulki mai suna Bernard Fagg, wanda ya karanci ilimin tono kayan tarihi. Fagg na ganinsa ya tuna da wani abu. Ashe akwai ɗan'uwansa ajiye a garin.

Tun 1928 aka samo wancan. Masu haƙa a ramin Kanar Dent Young ne suka ci karo da shi, wajen ƙafa 24 a ƙarƙashin ƙasa, a wani ɗan ƙauye mai duwatsu na mutanen Ham, waɗanda Hausawa ke kira Jaba. Sunan ƙauyen Nok. Shekara 15 tsakanin tsintuwar biyun, ramukan ma ba ɗaya ba, amma irin aikin ɗaya ne. To, wa ya yi su?

Wataƙila ka ce aikin aljanu ne. Juya kan ka leƙa cikinsa. Rami ne, an ɗora yumɓu zagaye bisa zagaye kamar yadda mai ginin tukwane ke tayar da randa, aka gasa da wuta. Hujin ido da hanci da baki ma suna taimaka wa iska ta fita kada ya fashe a gashi. Wannan dabarar ɗan Adam ce. Wane ɗan Adam ɗin?

Ko baƙi ne suka zo da su daga Masar ko daga bakin teku? Zato ne mai daɗin ji, sai dai duba idon: kusurwa uku, da huji a tsakiya. Duba tukkayen gashi da jerin tsakiya a wuya. Ba haka Misirawa ke sassaƙa fuska ba. Kuma ba guda biyu ba ne kawai. Da Fagg ya roƙi masu haƙa su daina zubar da irin wannan tsintuwa, sai ga su suna fitowa daga rami bayan rami. Kayan fatauci ba sa warwatsuwa haka.

To kakannin mutanen ƙauyen ne suka binne su shekaranjiya? Zurfin ya ƙaryata. Ƙafa 24 ba ramin ɓoyo ba ne. Saura tambaya ɗaya, kuma ita ce mabuɗin. Me ya haɗa kan yumɓu da kuza?

Ruwa.

Kuza tana da nauyi. Ruwan sama na wanko ta daga jikin duwatsu, ta gangaro, ta kwanta a gindin rafi tare da tsakuwa. Ruwan nan dai shi ya share kangon wasu mutane da suka zauna a kan tuddan, ya kwaso gutsattsarin aikinsu ya zube su wuri ɗaya da kuzar. Ƙasa ta rufe, ƙarni ya hau ƙarni. Leburan da ya sa diga yana neman abin da zai cika kwanonsa, tsohon rafi yake buɗewa bai sani ba, rafin da ya daina gudu tun kafin a kafa ganuwar Kano.

Sai aka koma ga shekaru. A Taruga, kusa da Abuja, Fagg ya tono irin waɗannan siffofi a inda masu su suka bar su, tare da murahun narka tama. Gwajin gawayin ya kai mu ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig, suka ƙara tura kwanan baya: zaman mutanen ya faro wajen shekara 1500 kafin haihuwar, siffofin kuma wajen 900. Manoman gero da wake ne, masu ɗiban zuma, maƙera. Mai gadin gonar doyar nan ya haura shekara 2000 a duniya, kuma danginsa na cikin siffofin yumɓu mafiya tsufa a Afirka kudu da Sahara.

Kasuwar kuza ta faɗi, kamfanoni sun tafi, gidan tarihin da Fagg ya buɗe a Jos a 1952 yana nan. Abin da ke ci mini rai shi ne haƙar ba ta tsaya ba, sai dai yanzu siffofin ake farauta, ana fitar da su a ɓoye zuwa kasuwannin Turai. Duk wanda aka tumɓuke ba tare da an auna inda ya kwanta ba, ya tafi da labarinsa. Manomi ko mai haƙa, in garmarka ta taɓa irin wannan kai, bar shi a wurinsa ka sanar da gidan tarihi mafi kusa.