Zafin Ƙasa da Lafiyar Duniya: Abin da Ya Faru a Asibitin Zana

Idan masana sauyin yanayi suka ambaci rugujewar al'umma, mutane kan zaci wata rana ce da gari zai watse gaba ɗaya. Ba haka take zuwa ba. Tana somawa ne sa'ad da annoba biyu ko uku suka taru a kan asibitin da ɗaya ma ta fi ƙarfinsa, har jama'a su yanke ƙauna daga masu magani. Kano ta ga haka a 1996, a Asibitin Zana da ke Sabon Gari. A shekarar sanƙarau ya kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya, ga ƙyanda, ga amai da gudawa. Cikin wannan cunkoso kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba, kamfanin ya musanta, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano.

Tabon bai tsaya a Asibitin Zana ba. Da aka dakatar da riga-kafin shan-inna a Kano a 2003, labarin Trovan na cikin hujjojin da ake kafawa. An dawo da riga-kafin a Yulin 2004, amma ƙwayar cutar ta riga ta tsallaka iyaka, zuwa 2005 ta isa Yaman da Indunusiya.

Wani zai ce sanƙarau tsohon baƙo ne, ƙurar hunturu da zafin bazara ke kawo shi tun kafin a san ɗumamar yanayi. Gaskiya ne, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa sauyin yanayi annobar 1996. Aikin sauyin yanayi shi ne yawaita irin wannan haɗuwar annoba. Zafi na ƙara tsanani a ɗakunan haya masu cunkoso. Fari na koro 'yan cirani daga karkara. Ruwan sama kuma kan sauko da ƙarfi lokaci guda, kamar ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a Agustan 2022. Irin wannan ruwan ne ke kwashe ƙazantar kwata ya zuba a rijiyoyin da 'yan garuwa ke ɗiba, kuma duk wanda ya sha ya kamu da amai da gudawa, Asibitin Zana za a nufa da shi.