Taraktar da Za Ka Iya Gyarawa Ita Ce Taka

A jihohin Iowa, Minnesota da Nebraska na ƙasar Amurka, inda masara da waken soya suke shimfiɗe iyakar ganin ido, wani abu yana faruwa a filayen gwanjon kayan noma wanda tun farkon 2020 jaridun ƙasar suke ba da labarinsa. Sai a fito da taraktar da ta shekara 40 tana aiki, fentinta ya koɗe, kujerarta ta yage, amma manoma su yi mata caa, kowa na ɗaga hannu, kuɗi na hawa. Cikin waɗanda aka fi rububinsu akwai John Deere 4440, wadda aka ƙera a garin Waterloo tsakanin 1978 da 1982, mai silinda shida da ƙarfin doki kusan 130. Da yawa daga masu tayin nan suna da gonaki na ɗaruruwan eka, kuma da sun nemi bashin sayen sabuwa banki zai ba su. Abin da suke biya wa kuɗi shi ne damar buɗe injin da hannunsu ranar da ya tsaya a tsakiyar gona.

Injin da ke neman izini

A cikin manyan taraktocin da ake ƙerawa yau akwai ƙananan kwamfutoci masu lura da yawan man da inji ke sha, da zafinsa, da irin hayaƙin da yake fitarwa. Babban abin da ya jawo haka doka ce. Daga 2008 zuwa 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta riƙa tsaurara sharuɗɗan hayaƙin injinan dizal mataki-mataki. Domin cika su, kamfanoni suka ƙara matatar da ke kama baƙin hayaƙi a salansa, da tankin ruwan yuriya da ake fesawa cikin hayaƙin don rage dafinsa, da na'urori masu kai wa kwamfuta rahoto. Niyyar mai kyau ce, domin hayaƙin dizal yana cutar da huhu. Sai dai da zarar ɗaya daga cikin na'urorin nan ta sami tangarɗa, kwamfuta kan rage wa inji ƙarfi har ya kasa jan garma. Ko da manomi ya gano abin da ya lalace, ya sayo sabo ya ɗaura, wani lokaci injin ba ya karɓarsa sai ma'aikacin dila ya zo da tasa kwamfutar ya buɗe masa hanya. Idan lokacin girbi ne, kowa na kiran ma'aikacin nan a rana ɗaya.

A 2015 kamfanin John Deere ya shaida wa ofishin haƙƙin mallaka na Amurka cewa manhajar da ke cikin tarakta ba ta zama ta mai saye ba, izinin amfani da ita kawai ya samu muddin taraktar na aiki. Maganar ta ɓata wa manoma rai ƙwarai, har wasunsu suka koma amfani da manhajar da aka fasa a gabashin Turai. A 2022 kuma duniya ta ga iyakar ikon da kamfani ke da shi a kan abin da ya ƙera: kafar CNN ta ruwaito cewa sojojin Rasha sun kwashi kayan noma na kusan dala miliyan 5 daga wani dila a birnin Melitopol na Yukren, aka kai wasu har Checheniya, amma da aka je tayar da su sai aka tarar an kulle su daga nesa. Mutane sun yi murna da ɓarawo ya tashi a tutar babu, amma manomi mai tunani ya fahimci cewa makullin da ya hana ɓarawo yana hannun wani, ba nasa hannun ba.

Daga nan gwagwarmayar neman 'yancin gyara ta ƙara ƙarfi. A watan Janairun 2023 kamfanin John Deere ya rattaba hannu kan yarjejeniya da babbar ƙungiyar manoman ƙasar, ya yi alkawarin sauƙaƙa musu samun kayan bincike da littattafan gyara. A watan Afrilun shekarar jihar Colorado ta zama ta farko da ta kafa dokar da ta tilasta wa masu ƙera kayan noma yin haka. A Janairun 2025 hukumar kula da cinikayya ta tarayya ta maka kamfanin a kotu bisa zargin tilasta wa manoma komawa wurin dilolinsa, zargin da kamfanin ya musanta. Manomi kuwa ba ya jiran hukuncin kotu kafin ya yi shuka, shi ya sa ya nufi filin gwanjo.

Jar tarakta da asalinta

Mu a nan ba sai an ba mu labarin tsohuwar tarakta ba. Duk wanda ya bi hanyar Kura zuwa Kadawa, ko ya ratsa Funtuwa da Saminaka a farkon damina, ya ga jar Massey Ferguson tana haro, wani lokaci ba fitila, ba murfin inji, amma tana aikinta. Asalinta yana komawa ga wani mutumin Arewacin Ailan mai suna Harry Ferguson, wanda ya ƙirƙiro hanyar ɗaura garma a bayan tarakta da hannuwa uku, biyu a ƙasa ɗaya a sama. Kafin shi, jan garma ake yi kamar yadda shanu ke ja, kuma idan ta ci karo da saiwa ko dutse tarakta kan miƙe ta kife a kan direba. Dabararsa ta sa nauyin da garma ke ja ya koma yana danna tayoyin baya, sai ƙaramar tarakta ta yi aikin babba. Daga 1946 zuwa 1956 masana'antar birnin Coventry ta Ingila ta fitar da samfurinsa na TE20 sama da dubu 500. A 1953 kamfaninsa ya haɗe da Massey-Harris na Kanada, daga baya aka sami samfurin 135 da aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, da injin Perkins mai silinda uku wanda har yau makanikai ke yabon sauƙin kansa.

Masana'antar Coventry ta rufe, amma zuriyarta ba ta ƙare ba. Kamfanin Millat da ke Lahore a Pakistan yana ƙera samfuran 240, 375 da 385 bisa lasisi, kusan a kan tsohon tsarin. A Ingila kuma, a ƙauyen Sutton kusa da Ely, kamfanin gwanjo na Cheffins yana buɗe kasuwar tsofaffin taraktoci duk wata, kuma 'yan kasuwa daga Afirka suna cikin masu halarta. Ta irin waɗannan hanyoyi taraktar da ta gama yi wa Bature aiki take shiga kwantena ta fara sabuwar rayuwa a gonar shinkafa ko masara.

Abin da ya sa ta karɓe mu a fili yake. Famfon manta na ƙarfe ne zalla, babu kwamfuta a jikinsa, kuma akwai masu saita shi a manyan garuruwanmu. Injinan zamani suna tura mai da matsi mai tsanani ta ƙofofi masu siranta kamar gashi, don haka ɗan ruwa ko ƙura a cikin dizal ya isa ya kashe su. Manominmu kuwa sau da yawa a jarka yake sayen mai, a bakin hanya, cikin ƙurar bazara. Kayan gyaranta ana samu a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, abin da ya karye na ƙarfe kuma masu walda na Panteka a Kaduna za su ƙera makamancinsa. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, amma maganin nan yana ci ne saboda akwai masu sanin yadda ake haɗa shi a kusa.

Mun ga abin da rashin wannan ke jawowa. Tun zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976 da juyin noma na gwamnatin Shagari a 1980, gwamnatoci suke sayo taraktoci suna kafa sassan bayar da haya, har an kafa masana'antar harhaɗa Steyr a Bauchi. Amma wanda ya leƙa harabar ma'aikatun gona da sakatariyoyin ƙananan hukumomi da dama zai ga taraktoci jere a kan duwatsu, ciyawa ta fito ta cikin tayoyinsu. Yawancinsu ba tsufa ya kashe su ba. Ƙaramin abu ne ya lalace, aka rasa shi a kasuwa, aka fara cire na wannan ana sa wa waccan, har duka suka kwanta.

Lissafin mai gona

A ƙasar Hausa damina wata uku ce zuwa huɗu, can wajen Maraɗi da Damagaram ma ta fi haka gajarta. Daga saukar ruwan shuka zuwa lokacin da huɗa ta makara 'yan makonni ne. Mai taraktar haya a cikin waɗannan makonni yake haɗa mafi yawan kuɗinsa na shekara, manomin da ya biya shi kafin alƙalami kuma yana zaune a bakin gona yana kallon hadari. A wannan lokaci, taraktar da ta tsaya da hantsi ta tashi da la'asar ta fi wadda ke jiran kaya daga Legas ko daga ƙetare, ko da ta biyun ta fi ta ƙyalli.

Sai batun kuɗi. Tarakta da kayanta da dala ake shigo da su, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashinsu ya yi tashin gwauron zabo. Sabuwa tana zubar da kaso mai yawa na darajarta a shekarun farko, tsohuwa kuwa ta riga ta gama faɗuwa, idan ka kula da ita za ka iya sayar da ita ba tare da babbar asara ba. Shawarata ga mai saye ita ce kada ya zuba duk abin da ke hannunsa a ciniki. Ya ware wani kaso mai kauri na gyaran farko, na taya, batir, baƙin mai da matatu, domin ba a taɓa sayen tsohuwar tarakta ba ta nemi wani abu ba a watan farko.

Ba a cinikin biri a sama

Araha ba ta ado, kuma sabon fenti ba ya gyara inji. Ka tafi da makanikin da ka yarda da shi, wanda ba shi da la'ada a cinikin. Ku je da sassafe, ka ɗora hannu a kan injin ka tabbata da sanyinsa, domin injin da ya gaji yakan ɓoye aibinsa idan an riga an ɗumama shi. Idan ta tashi, ku dubi hayaƙi. Shuɗi yana nufin tana ƙona baƙin mai, ringi sun cinye. Baƙi ƙirin yana nuna matsalar nozul ko matatar iska ta toshe. Fari da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi yakan nuna ruwa na shiga inda bai kamata ba. Ku zaro sandar awon baƙin mai, idan ya yi kalar madara, ruwa ya gauraya da shi. Ku buɗe lagireto tun da sanyi, ku duba ko akwai maiƙo ko kumfa.

Daga nan a ɗaura mata garma mai nauyi, a ɗaga sama, a kashe inji. Idan garmar ta sulalo ƙasa nan take, na'urar ɗagawa tana yoyo a ciki. A shiga da ita gona a gwada kowace giya da kaya a bayanta, nan ne kuloci mai santsi yake tona kansa. Kada ka dogara da agogon da ke ƙirga awannin aiki, ana sauya shi. Sulɓin fedar kuloci da lagwadar sitiyari sun fi shi faɗin gaskiya. Ka duba tayoyin baya da kyau, domin sabunta su kaɗai yana iya cinye rangwamen da ka samu. A ƙarshe ka gwada lambar da ke jikin inji da ta takarda, ka san daga hannun wa ta fito, a yi ciniki gaban shaidu.

Abin da tsohuwa ba ta da shi

Adalci ne a faɗi inda ta gaza. Ba ta da garanti, sau da yawa ta fi shan mai, kuma hayaƙinta direba ne ke fara shaƙa. Mafi muni, da yawa ba su da ƙarfen kariya da ke hana tarakta danne direba idan ta kife. Ƙasar Suwidin ta wajabta shi a kan sababbin taraktoci tun 1959, kuma mace-macen kifewa suka ragu ƙwarai a can. Wanda ya sayi tsohuwa ya nemi a ɗaura mata ingantacce tare da bel, ba bututun da aka yi wa walda don a ɗora rumfa ba. Sandar da ke juyawa a bayanta don tuƙa injin casa ko famfo tana zagaye 540 a minti, wato sau tara a daƙiƙa ɗaya. Babbar riga ko rawani idan ya taɓa ta, mutum ba ya samun damar ko da ihu. A rufe ta da murfinta, a kuma hana yara hawa kan madogarar taya, al'adar da muka mayar ba komai ba.

Akwai kuma wanda sabuwa ta fi dacewa da shi: mai babbar gona da ke aiki rani da damina, kusa da dila mai kayan gyara a ajiye da ma'aikatan da ke amsa kira. Tsakanin biyun akwai sababbin taraktoci marasa sarƙaƙiya da ake ƙerawa a Indiya da Pakistan, waɗanda makanikinmu zai iya buɗewa ba tare da kwamfuta ba. Shekarar ƙira ba ita ce ma'auni ba.

Manomin Iowa yana da titin mota har ƙofar gonarsa, da dila a garin da ke kusa, duk da haka ya zaɓi injin da zai iya kwancewa da sifanarsa. Wanda gonarsa ke bayan rafi, inda mota ba ta shiga idan Agusta ta kama, ya fi shi buƙatar wannan tunani. Don haka kafin manomi, ko ƙungiyar manoma, ko gwamnatin jiha ta sa hannu a takardar sayen tarakta, a fara amsa tambaya biyu: wa zai gyara ta, kuma a wace kasuwa kayanta suke? Idan gwamnati za ta sayo ɗari, gara ta sayo casa'in, ta kashe kuɗin goman wajen horar da matasa makanikai da cika rumbun kayan gyara. Taraktar da ke huɗa a ranar da ƙasa ta jiƙa ita ce ke cika rumbu, kuma wadda ke tsaye a ranar, ko jiya aka cire mata leda, sai dai mai ita ya je ya roƙi aron shanun maƙwabcinsa.