Tsabar azurfa a gidan roba: ko kuɗin tantancewa na dawowa?

Wanda ya shiga kasuwannin intanet na Amurka neman tsabar azurfa ba zai daɗe ba sai ya ga ƙwandala biyu masu hoto ɗaya, shekara ɗaya, nauyi ɗaya, amma kowace da farashinta. Ta farko haka take zube ba sutura. Ta biyu an liƙe ta cikin ɗan gidan roba, da ƴar takarda a sama an rubuta MS70, kuma kuɗinta kan ninka na ƴar'uwarta. Ga ƴan Nijar mazauna Bronx ko Greensboro da ke son ajiye guminsu a wani abin da ya fi takardar kuɗi daɗewa, tambayar ita ce ko ya dace su ma su biya a rufe musu tasu azurfar a wannan gida.

Ƙwandalar da aka fi yin wannan ciniki a kanta ita ce American Silver Eagle, wadda gwamnatin Amurka ta fara bugawa a 1986. Nauyinta oza ɗaya, wato giram 31.1, kuma kashi 999 cikin 1000 tsantsar azurfa ce. An rubuta dalar Amurka ɗaya a jikinta, sai dai ba mai hankalin da zai sayi burodi da ita, don azurfar da ke ciki ta fi haka nesa ba kusa ba. Kanada na da tata, Maple Leaf, tun 1988, Ingila kuma ta fito da Britannia ta azurfa a 1997.

Kamfanoni biyu ne suka riƙe kasuwar tantancewa: PCGS, da aka kafa a 1986, da NGC, da ya biyo baya a 1987. Mutum zai aika musu da ƙwandalarsa, ƙwararru su tabbatar ba jabu ba ce, su duba ta da madubin ƙara girma, su ba ta maki daga 1 zuwa 70, sannan su liƙe ta da lambar shaida. Ma'aunin ya samo asali daga wani Ba'amurke, William Sheldon, wanda ya tsara shi a 1949 domin tsofaffin kwabban tagulla. A can ma'aunin yana da ma'ana sosai, domin kwabon da ya shekara ɗari da hamsin yana yawo hannu zuwa hannu, samun wanda bai goge ba sai an tona.

Sabuwar tsabar azurfa kuwa ba ta taɓa yawo ba. Daga injin bugawa ake zuba ta a bututun roba, ashirin-ashirin, a jera bututu 25 a akwati guda, ƙwandala 500 ke nan. Saboda haka yawancin waɗanda ake kai wa tantancewa 69 suke samu ko 70. Bambancin da ke tsakanin makin biyu ɗan tabo ne ko ƙarzanen da ido ba ya gani sai da madubi. Kuma ba abu ne mai wuyar samu ba: a 2015 kaɗai an sayar da Silver Eagle kimanin miliyan 47.

Nan ne lissafi ke tsayawa a wuya. Kuɗin tantance ƙwandala guda kan kai dalar Amurka 20 ko fiye, ban da kuɗin rajista da kamfanin ko ladan dillalin da zai miƙa, ban da kuɗin aikawa da dawowa da inshora. A ɗauka, misali, mutum ya aika guda goma, kowace ta ci masa 30 idan an haɗa komai. Ya kashe 300 ke nan kafin ya san sakamako. Duk wadda ta dawo da 69, abin da za a ƙara masa a kan farashin azurfarta da wuya ya biya abin da ya kashe. Ribar tana kan masu 70, su kuma ba shi da ikon sanin guda nawa za su fito. Caca ce da aka yi wa kwalliya.

To, ina masu 70 ɗin da suka cika kasuwa suke fitowa? Daga manyan dillalai. Su sukan aika akwatuna a rufe yadda suka fito daga gidan buga kuɗi, a yi musu rangwamen sari, su ware masu cikakken maki su sa musu farashi. Har da wata ƴar dabara ta takarda: PCGS na rubuta First Strike, NGC na rubuta Early Releases, a kan waɗanda suka iso cikin kwana 30 na farko da fitowarsu. Rubutun bai nuna cewa su aka fara bugawa ba, lokacin isowarsu kawai yake nunawa. Amma mai saye yakan biya ƙari saboda shi. Mai ƙwandala goma a aljihu da ke son gogayya da mai akwati ɗari, ya san da wa yake kokawa.

Akwai kuma wata cuta da masu harkar suka sani, fararen ɗige-ɗige kamar an yayyafa madara, da kan fito a fuskar sabuwar azurfa bayan watanni ko shekaru. Gidan roba ba ya hana su. Ƙwandala mai 70 na iya wayar gari da su, takarda na nan tana cewa 70, mai saye kuma idonsa na gaya masa wani abu daban.

Ba a ce tantancewa ba ta da rana ba. Tana da ita, idan abin ƙalilan ne. Silver Eagle ta musamman mai harafin W ta 1995, guda 30,125 kacal aka buga, kuma ana sayar da ita dubban daloli. Wata ta musamman mai harafin S ta 2019 ma iyakarta 30,000. Irin waɗannan ƴan jabu na kwaikwayonsu, mai saye ba zai zuba kuɗi ba sai ya ga shaida, kuma kuɗin tantancewa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da darajarsu. Ko a nan sai an duba lambar shaidar a shafin kamfanin, domin shi kansa gidan robar ana yin jabunsa. Ga ƙwandalar yau da kullum kuwa, sikeli da ma'aunin faɗi da maganaɗisu sun isa su kama jabu da yawa: giram 31.1, faɗin milimita 40.6, kuma azurfa ba ta manne wa maganaɗisu. Saye daga dillalin da aka sani ya fi duka.

Sai a tuna ita ma azurfar ba ta da alƙawari. Oza ta kusa dalar Amurka 50 a 1980, ta sake kusantar haka a 2011, sannan ta faɗo ƙasa da 15 a 2015. Wanda ya saya a sama, ya kuma ɗora kuɗin roba a kai, asararsa biyu ce.

Abin da ɗan ci-rani ya fi kamata ya tambayi kansa shi ne a ina zai sayar. Makin 70 na da daraja ne inda ake da masu tara tsaba da ke takara a kansa, a Amurka ko Turai. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin tsabar azurfar waje. Liyari, mai hoton sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, ya yi zamani a kasuwanninmu da wuyan iyayenmu mata, kuma ko yaushe aka buga shi 1780 ake rubutawa a jiki. Ba wanda ya damu da shekarar, nauyi da kyan azurfa ake dubawa. Har yau haka abin yake. Wanda ya sauko da MS70 ɗinsa ya kai wa maƙerin fari a Zinder ko Agadez, maƙerin zai nemi a fasa robar, ya ɗora ƙwandalar a sikeli, ya biya kuɗin giram 31.